'Yar Ƙofar Gindin Bindigar Baba Maliki

Ranar da Khairat ta dawo daga allurar rigakafi, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Jaririn na bayanta, katin asibiti a hannu, ta faɗa zauren kakanta tana haki.

"Baba! An samu! Wallahi an samu mai buɗe ta!"

"Ke amarya, bi a hankali kar ki yar mini da aboki," in ji Baba Maliki.

Duk Sandamu an san abin da take nufi. Mahaifin Baba Maliki ya tafi yaƙin Bama ya bar cikinsa, bai dawo ba. Wani abokinsa soja ne ya kawo karyayyen gindin bindigarsa, katako kawai da tagulla a ƙarshe, ya ce wa matar, "Abinsa na nan ciki," ya wuce. A jikin tagullar akwai wata 'yar ƙofa, babban yatsa ma sai ya rufe ta. Ta cije. Uwar ta hana a fasa, ta ce wasiƙa ce. Shekara tamanin ke nan Baba Maliki yana jiran ya ji ko ubansa ya san da shi, ko ya bar masa kalma ɗaya.

To ashe maigadin asibitin, Sajan Maharazu, tsohon soja ne! Hira ta kawo hira, Khairat ta kwatanta masa, ya ce ai ya san irinta tun yana kurtu. Da la'asar sai ga shi a babur.

Baba ya kwance zanen da ya naɗe abin. Idonsa ya tafi, da yatsa yake gani. Ya laluba wani zoben ƙarfe ya ce, "Nan ake ɗaura laya, ko?"

"A'a Baba, na igiyar rataya ne, a saɓa ta a kafaɗa."

"Ikon Allah. Mu kuwa laya muka yi ta ɗaura mata."

Khairat ta yi dariya har jaririn ya motsa. Ita fa ta riga ta shirya, ta goge allon wayarta, wai in wasiƙar da Turanci ce za ta ɗauka ta tura wa mijinta Jafaru ya karanta.

Sajan ya ɗiga man keken ɗinki, ya jira, ya sa bakin wuƙa. Ƙas! Ƙofar ta ɗago. Ya girgiza katakon, wata siririyar kwalbar tagulla ta zame tafinsa, sai igiya a nannaɗe, baƙa ƙirin.

"Karanta, amarya," in ji Baba.

Khairat ta dubi Sajan. Sajan ya leƙa ramin, ya zura tsinke, ya buɗe kwalbar ya sunsuna.

"Baba, kwalbar mai ce. Igiyar kuma ta goge cikin bindiga. Kowane soja da tasa. Aikin ƙofar ke nan."

"Babu takarda?"

"Babu, Baba."

"Duba dai da kyau, yaro."

"Na duba."

 Khairat ta ji kamar ta kwashe maganarta ta safe ta haɗiye. Wa ya aike ta? Da ta yi shiru, da tsohon nan yana nan da wasiƙarsa. Ta tura wayar cikin zani, hawaye na zuba a kan katin asibiti.

Sajan yana warware igiyar don ya samu abin yi da hannunsa, sai ya tsaya.

"Ta taɓa tsinkewa, an ƙulla. Amma wannan ba ƙullin soja ba ne, ba haka aka koya mana ba. Irin na ɗaure akuya ne."

"Miƙo."

Baba Maliki ya karɓa. Yatsunsa suka bi igiyar har suka sami ƙullin, suka tsaya a kai. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Shi ya ƙulla?"

"Ba mai taɓa kayan wani, Baba. Shi ne."

Tsohon ya matse ƙullin tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "Ya ja shi da ƙarfi. Ba ya son ya kwance."

Aka kira sallar magariba, Sajan ya tashi. Khairat ta kawo buta ta ajiye a gaban kakanta, ta ce, "Baba, kawo in riƙe maka ka yi alwala."

"Bari tukuna," in ji shi.