Shirun Azriyel Har Faɗuwar Rana

A garinmu na kan tudu, tafiyar yini biyu daga Urushalima, kowa ya san dokar. In mace ta yi wa Ubangiji wa'adi, mijinta na da ikon warware shi, amma a ranar da ya ji kaɗai. In rana ta faɗi bai buɗe baki ba, to shi ke nan, wa'adi ya zauna daram, babu mai ɗaga shi.

Azriyel ya ji na matarsa da hantsi, ranar farko ta tsinkar inabi. Yana zaune a bakin ramin matsa, domin tun bara tari ya kama shi, ya cinye shi har zobensa na zamewa daga yatsa. Samari suna ta tattaka inabi suna waƙa, sai ga Tirza matarsa ta sauko daga gida, ba kwando ba wuƙa. Ta tsaya can nesa da ramin, ta ɗaga hannu sama.

"Ni keɓaɓɓiya ce ga Ubangiji," in ji ta, "shekara uku daga yau."

Waƙa ta mutu. Yayar Azriyel, Hogla, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba tun da aka haife ta, ta saki kwandonta ƙasa.

"Wayyo ni Hogla! Matar mai gonar inabi? Ranar tsinka? Ke Tirza, lafiyarki kuwa?"

Tirza ta juya ta koma gida ta hanyar bayan katanga, don kada rigarta ta goga ko ganyen inabi.

Wa'adin keɓewa abu uku ne. Ba inabi, ba ruwansa, ko ƙwayar zabibi ɗaya. Aska ba ta hawa kai. Waɗannan biyun su mutane suka kama suna ta surutu a kai, don ai harshen Tirza ne ke tantance tulun ruwan inabin da ya yi da wanda ya lalace. Azriyel kuwa ko a jikinsa. Na ukun ne ya tsaya masa a wuya, kuma Hogla ce ta tsugunna kusa da shi ta faɗe shi ƙiri-ƙiri.

"Ƙanena, bari in gaya maka abin da kowa ke tsoron faɗa. Keɓaɓɓe ba ya taɓa gawa, ba ya zama ƙarƙashin rufi ɗaya da ita, ko ta uwarsa ce. Matarka ta mai da kanta babban firist a ɗakin girki. Kai kuma ka san jikinka. Ranar da numfashinka ya fara sarƙewa, waje za a fitar da ita. Kalma ɗaya ce fa. Ka ce na warware, a huta."

"Na ji, Yaya."

"Ka ji, ka ji! Rana ba ta jiran mai ji."

Da rana ta take, aka kai shi gindin ɓauren da ke wajen gona, ya kwanta. Zafi ya sa duwatsu na rawa a idonsa, ƙudan zuma na ta kai-kawo, ƙamshin inabin da aka matse ya cika iska har mutum ya rasa ko barci yake ko ido biyu. Cikin wannan hali Tirza ta zo da gurasar sha'ir da ruwa, ta zauna kusa da kansa.

"Maigida, kana fushi?"

"Ina da ƙarfin fushi ne? Gaya mini dai, me ya kai ki?"

Ta murza bakin mayafinta.

"Mafarki na yi. Na ga Shafaffen da ake jira, mai ceton nan. Kakata takan ce in ya zo, firist ne wanda man da aka zuba masa a ka ba ya bushewa. To haka na gan shi, man na ɗiga daga gashinsa, ƙasa na tsiro duk inda ya ɗiga. Cikin kaburbura yake tafiya, maigida, da fararen kayansa, yana dafa duwatsun da hannu, kuma ƙazanta ba ta kama shi. Ita ce ma ke gudun sa. Sai na ga wata ƙofa mai nauyi, mutane masu dogon gashi sun jingina da ita suna riƙe masa a buɗe. Talakawa ne fa, ba 'ya'yan firistoci ba. Akwai makiyayi, akwai wata mai saƙa. Sun gaji, ƙofar na neman rufewa. Akwai gurbin mutum ɗaya ba kowa a ciki."

"Shi ne kika shiga."

"Shi ne na shiga. In hannu ya yi yawa, ai zai yi saurin shigowa."

Azriyel ya dube ta. Shekara ashirin da shida yana duban fuskar nan, amma tun da tarin ya fara bai ga haske a cikinta ba sai yau. Ya lallaɓa ya ce, "Tirza, kin tuna na ukun? Zancen gawa?"

"Ba za a yi gawa a gidan nan ba," in ji ta, kamar mai faɗin cewa akwai gishiri a miya. Ta gyara masa matashi, ta tashi ta tafi.

Ashe haka ne. Ba mantawa ta yi ba. Don shi ta yi, don Shafaffen ya riga mutuwa isowa.

Barci ya riƙa ɗaukarsa yana sauke shi. Ya ga kansa saurayi yana dasa gonar nan, Tirza na bin bayansa da tulu tana yi masa dariya wai layinsa ya karkace. Ya ga ƙofar da ta faɗa, ga ta nan a jingine, gashinta ya zubo har ƙugu, furfura a ciki. Sai kuma ya ga ɗakinsu, shi a kwance, haske na raguwa, yana laluben hannunta, hannun da ya zo kuwa na Hogla ne, mai kaushi, mai sauri. Ya farka zufa ta jiƙa shi. Gaskiya ita ce tsoro yake ji. Mutuwar ya riga ya saba da tunaninta. Abin da bai iya ɗauka ba shi ne ya tafi Tirza na bayan bango.

Da la'asar sakaliya aka mai da shi tsakar gida. Maƙwabta kuwa, ka san halin mutanenmu, kowa ya samo dalilin wucewa ta ƙofar. Wannan aron turmi, wancan neman akuyar da ba ta ɓata ba. Hogla ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, ido a kan dutsen yamma.

"Saura kaɗan ta taɓa dutse, Azriyel. Ko bakin ma ya yi wa'adi ne?"

Tirza na zaune a bakin ƙofa tana kaɗi, ba ta ɗaga kai ba. Ya kira ta.

"In na warware, me za ki yi?"

Mazarin ya tsaya. Ta ɗago, sai ya ga hasken nan na ɗazu ya fara janyewa daga fuskarta tun bai faɗi kalmar ba.

"Zan zauna kusa da kai," in ji ta a hankali, "in jira."

Ya gane abin da za ta jira. Zai sami hannunta a ranar ƙarshe, amma duk ranakun da ke tsakani zai kwana ya tashi da mace mai sauraron numfashinsa. Kuma shi da bakinsa zai gaya mata, a gaban jama'a, cewa mafarkinta banza ne, gawa na nan tafe.

Rana ta taɓa dutse. Ta yi ja, ta yi faɗi, ta tsaya kamar ita ma jira take. Azriyel ya buɗe baki. Hogla ta sunkuyo. Ya ja numfashi, ya riƙe, ya sake shi ba kalma a ciki. Gefen ranar ya nutse, sauran ya bi, inuwa ta rufe tsakar gidan.

"Ka kashe kanka da shiru," in ji Hogla. "Wawa kawai. Tun kana yaro haka kake."

"Yaya, ki sa a fitar mini da gadona."

"Ina?"

"Nan tsakar gida. Inda ba rufi, ba reshen itace. Daga yau a nan zan riƙa kwana."

"Da wannan tarin? Raɓa za ta..." Sai ta yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Ta gane. Inda ba rufi, keɓaɓɓe na iya zama nesa kaɗan da mamaci, kamu huɗu, muddin bai taɓa ba. Ta share ido da bayan hannu, ta shiga da kanta ta jawo gadon tana zagin ƙafarsa da ta maƙale a ƙofa.

Tirza ta ajiye mazari. Ita ma ta gane, ta kuma gane abin da bai faɗa ba duk yini: ya san gawa na nan tafe. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko tabarma, ta durƙusa, ta auna kamu huɗu daga gadon da hannunta, ta shimfiɗa a can ta zauna.

"Daga nan kana ganina, maigida?"

"Ina ganinki sarai," in ji Azriyel. Ya miƙa mata hannu. "Amma ba yau ba, Tirza. Yau ki matso."