Koriyar Fitila a Gaban Sitiyari

"Yaya, haƙori ya fito! Wallahi guda ɗaya, a ƙasa, fari tas!"

Auta ta manne waya a kunne, 'yarta Lele tana kan cinyarta tana tsotsar mayafi. Mijinta na tuƙi, za su kai wa mahaifiyarsa jikar ta gani.

"Kuma ba ki ji babban labarin ba. Motar nan da Baban Lele ya sayo, da kanta take tafiya! Ya kai giya ta biyar, ya danna wani maɓalli a sitiyari, koriyar fitila ta kama, shi ke nan ya ɗauke ƙafa daga totur. Ga ƙafarsa can a miƙe kamar yana falo!"

Baban Lele ya yi murmushi. "Gaya mata gudun ɗari da goma na sa wa motar. Ba ta ƙari, ba ta ragi."

Sai muryar mijin Yaya ta shigo, tsohon direban babbar mota ne, ya karɓi wayar.

"Auta, ai mai kuloci ce ko?"

"Eh, Yaya Babba."

"To da kyau. Ita ba ta iya canza giya da kanta, mai kawai take ba inji. Da ya taɓa kuloci ko birki za ta saki. Akwai 'yan wayoyi a ƙarƙashin ƙafarsa, su ke gaya mata."

"Laa, wayoyin nan! Ai jiya a gabana bakanike ya gyara su. Fitilar birki ta ƙi mutuwa, tana shanye batir, sai ya zare wayarta. Ta kulocin ma ya haɗe ta wuri guda ya naɗe da baƙin salatif, don motar ta riƙa tashi ba gardama. Minti biyar ya gama, mutumin akwai hannu!"

Har ta duba wayar ko ta mutu, sai muryarsa ta dawo.

"Kuna ina yanzu?"

"Mun kusa gangaren nan mai tsawo."

"Saurara da kyau. Motar ba za ta san ya taka komai ba. Yana birki, tana ba da wuta. Ce masa ya kashe maɓallin da hannu, yanzu, kafin..."

Layi ya yanke.

Auta ta dubi mijinta. Tun ranar da mijin Yaya ya zagaya motar ya ce an cuci Baban Lele, shi kuwa ba ya son jin ko sunansa.

"Me malamin motoci ya ce?"

"Wai... wai ka kashe abin."

"Hassada. Shekara talatin yana murza totur har ƙafarsa ta kumbura, bai taɓa ganin irinta ba."

Hanya ta fara sunkuyawa. Can ƙasa wata tirela ɗauke da buhunan siminti tana rarrafe, wata kuma tana haurowa ta ɗaya hannun. Allurar gudu tana nan inda take. Baban Lele ya ɗora ƙafa a birki, ya ɗan latsa. Motar ta girgiza, inji ya yi gurnani ya ci gaba da ja. Koriyar fitilar ba ta ko ƙifta ba. Ya sake latsawa, murmushin ya bar fuskarsa. Ƙafarsa ta hagu ta nufi kuloci.

Auta ta ɗaga Lele, ta kara ta da kafaɗarsa, ta zura yatsa ta ƙarƙashin hannun yarinyar ta danna maɓallin.

Fitila ta mutu. Inji ya sauke murya, birki ya kama. Suka lafa a bayan tirelar, kusa har tana iya karanta rubutun buhunan.

"Wa ya taɓa min sitiyari?"

"'Yarka ce. Ka san hannunta ba ya zama."

Ya dube ta, ya dubi yarinyar, ya goge gumi da bayan hannu. Bai sake kai yatsa wurin ba.

Waya ta fara ƙara a cinyarta, Yaya ce. Auta ta kife ta, ta rungume Lele da hannu biyu.