Wainar Dankalin Tambaya

Shekara biyu da samun mulkin kai, ana saura kwana uku cika-ciki, saƙo ya iske Ni'imatu a Tambuwal cewa ta zo Kebbe, mahaifinta ya daina cin abinci. Tun da mahaifiyarta Tambaya ta rasu bayan babbar Sallah, Malam Ɗangiwa bai ƙara gama ƙwarya guda ba. Sai ya kurɓi ruwa ya juya fuska bango. Masu zuwa gaisuwa har sun fara magana ƙasa-ƙasa a zaure.

Ni'imatu ta san abu ɗaya da tsohon bai taɓa mayarwa ba: wainar dankalin da Tambaya ke yi masa kowace cika-ciki. Lokacin dankali ya wuce, da ƙyar ta samo ƙaramin kwando a kasuwa, wasu ma sun fara tsiro. Ta hau motar gyaɗa, inda mota ta ƙi ta taka da ƙafa.

Ranar cika-ciki ta shiga madafin uwarta tun azahar. Komai na nan yadda aka bar shi. Tandar na jingine, magogin gwangwanin da aka huda da ƙusa na rataye, turmin zama ya lotsa daidai jikin mai shi. Ta ƙi zama a kai, ta tsuguna gefe. Ta goge dankali, ta matse shi a tsumma, ta rufe ruwan matsin da faifai ta kai shi lungu bayan randa. Haka Tambaya ke yi. Tun suna yara take ce musu, "Wanga ruwa na mutanen ɓoye na. Wanda yat taɓa, hannunai shi shanye." Ni'imatu mai 'ya'ya huɗu ce yanzu, amma da ta ajiye ƙwaryar sai da ta yi bisimilla, ta fito ba ta waiga ba.

Zubin farko ya watse a tanda kamar dusa. Ta ce mai ne bai yi zafi ba, ta ƙara wuta. Na biyu ya ƙone a baya, cikinsa ɗanye, da ta sa tsinken juyawa ya rabu uku. Ta zuba garin gero don ya kama. Ya kama kuwa, sai dai abin da ya fito ko kare aka jefa da shi zai yi ƙara. Ita da ake yabon masarta a unguwa guda, ga dankali yana yi mata wulaƙanci.

Tana cikin haka ta ji an yi gyaran murya a bayanta, irin na Tambaya idan an yi ɓarnar mai. Ta juya. Ba kowa, sai faifan da ke kan ƙwaryar ya zame gefe. Daga ɗaki kuma ba ta jin ko tarin mahaifinta, shirun nan ya fi ba ta tsoro. Dankali uku suka rage.

"Inna," ta ce a fili, "mi nika ragewa? Kin tafi ba ki gaya min ba."

Ta tashi don ta gyara faifan. Da ta sunkuya sai ta ga ruwan ya kwanta garau, a ƙasansa wani farin abu ya daskare. Ta tsaya kallo. Sai ta tuna yadda uwarta ke kora su waje kafin ta fara suya, da yadda yatsunta ke fitowa fari fat, da yadda ba a taɓa ganin an zuba wa mutanen ɓoye ruwan a gindin wata bishiya ba. Ta tsiyaye ruwan a hankali. Ta daɗe hannunta na sama kafin ta tsoma shi. Abin ya yi mata ƙiiƙii a yatsa, sanyi ƙalau, hannu kuwa bai shanye ba.

Ashe don kada yara su girgiza ƙwaryar ne. Shekara ashirin da wani abu tsohuwa na yi mata wayo! Dariya ta kama ta, dariyar ta koma kuka, tana kankare farin tana haɗawa da sauran dankalin. Wannan karon wainar ta tashi a dunƙule, gefenta ja, ta juyu ba gardama. Guda bakwai ta samu.

Bayan magariba ta kai masa. Idanun Malam Ɗangiwa sun daɗe da yin hazo, hanci ne ya fara gaya masa. Ya juyo daga bango. Ya lalubi akushin, ya gutsuri ɗaya, ya tauna a hankali. Ya ci ta biyu, ya ci ta uku. Ni'imatu na durƙushe bakin ƙofa, farin ciki ya hana ta motsi.

"Ashe kin komo," in ji shi. "Anka ce min wai an kai ki. Na ce ƙarya ta, ba ki tafiya ki bar ni da cika-ciki."

Ta buɗe baki za ta ce, Baba, ni ce. Sai ta ga hannunsa ya tsaya a kan ta huɗu, yana jiran amsa. Ta haɗiye maganar, ta yi gyaran murya irin wadda ta ji a madafi.

"Ci dai, Malam," ta ce, "kar ta huce."