Ruwan Sadakar Alhaji Muddassir

"Ba zan tsoma shi a ruwan buteli ba, Mushe Gazali," in ji Hafsatu.

Shugaban nata ya waiga ya ga ko baƙi sun ji. Ranar buɗe foraj ce, wato rijiyar burtsatse, a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, wanda Alhaji Muddassir ya haƙa sadaka ga marigayi mahaifinsa. An kafa rumfa, an yanka raguna, an kuma ɗauko Hafsatu daga kamfaninsu na auna ruwa a Mayahi, don jama'a su ga har boko ya shaida ladan.

Na'urarta zaren gilashi ce siririya kamar gashin wutsiyar doki, haske na bi ta ciki. An shafe bakinta da wani ɗan danƙo. In ruwa ya cika gishirin fulor, mai rina haƙora ya tanƙware ƙashin yara, danƙon kan sauya launi, allo ya nuna ja. Da safe ta gwada ruwan foraj ɗin, ta sake gwadawa. Ja.

Gazali ya raɗa mata cewa ya riga ya juye buteli, ruwan kwalba na kanti, a ƙwarya, ba wanda zai sani, kuma ta tuna wa ya ɗauke ta aiki. Hafsatu ba ta ci shekarun jami'a tana ƙona yatsu da asid don ta auna ruwan kanti ba. Ta wuce shi, ta tari ruwan famfo, ta tsoma zaren a gaban kowa.

Allo ya yi ja. Gazali ya bayyana wa manya cewa ja alamar ƙarfi ce, kamar jini. Har an soma tafi, sai ta ɗaga murya ta faɗi gaskiyar abin.

"Ɗiyata," in ji Alhaji a hankali, "ladan mahaifina ne kike kira guba?"

"Alhaji, ba shi ya zuba fulor a dutse ba. A yi wanki da ruwan. Kada dai yara su sha."

Aka miƙo ƙwaryar farko ga manyan baƙi, yadda aka saba. Ba a taɓa ganin ladabi irin na ranar ba. Kowa ya ce bai isa ya riga na kusa da shi ba, har ƙwarya ta zagaye rumfa ta komo cike.

Kamfani ya yanke cewa zafin rana ne ya ruɗa na'urar. Aka kwantar da ita a buro, ofis mai sanyi, ta huta. Hafsatu kuwa aka sallame ta.

Daga baya sun aiko mata cewa in ta ce kuskure ne, ta koma aiki. Ta ƙi.

Matan ƙauyen sun ji maganarta, sun koma tsohuwar rijiya mai nisa ɗebo ruwan sha, suna tafe suna tsine mata. Aikinta ya tafi. Wanda ya kai kuɗin gaisuwarta, ƙanen Alhaji, ya janye. Ran kasuwa, in ta gaida matan, ba mai amsawa.