Ƙundun da Ya Ɓace a Tukunyar Nelima

Situma ya sauko ƙauyensu daga Nairobi ranar Asabar, da tumbinsa, da takalmi mai tsini, da 'yarsa Naliaka mai shekara shida, wai ya zo a ɗora shi kan kujerar mahaifinsu da ya rasu bara. Mutumin da ko jinyar tsohon bai leƙo ba. Amma tunda shi ne babba, aka yanka masa zakara.

Girkin ya faɗa kan Nelima, matar ƙanensa Makokha, kamar yadda kowace wahala ta gidan ke faɗawa kanta. Ta sani sarai, kamar kowa a ƙasar Bungoma, ƙundu na maigida ne. Wanda aka sa wa shi a kwano, an ce masa gida naka ne. Macen da ta kai kaza gaban maza babu ƙundu kuwa, gara ta fara ɗaure kayanta, don an sha mayar da mata gidan iyayensu kan abin da bai kai wannan ba.

Ta gama tuƙa ugali, tuwonsu na masara, ta zo kwashe miya. Ta juya tukunya, ta sake juyawa. Cinya na nan, fiffike na nan, har ƙafafu na nan, ƙundu ya ce ɗauke ni inda kika ajiye ni. Ta fito neman ɓarawon.

A bayan madafa ta same su, yaran gidan kaf, suna wasan taron dattawa. Sun kife baho sun ɗora ɗanta Khaemba a kai, ɗan shekara huɗu, ko wando babu, an yafa masa buhu a kafaɗa. Sauran sun zazzauna a ƙasa suna tari irin na tsofaffi. Kuncinsa guda ya kumbura, mai na bin haɓarsa. Ta yi kukan kura ta kai hannu, ja'irin ya runtse ido ya haɗiye.

Babu lokacin yanka wani, maza sun riga sun wanke hannu. Haka ta ɗauki kwanon ta kai.

Situma ya tona naman da cokali kamar mai neman allura, sannan ya ture kwanon. Sai baki ya buɗe. Wai an raina shi, wai al'ada ta mutu a gidan nan, shi da ko gaisuwa da harshen gida bai koya wa 'yarsa ba. Ya ce gobe-gobe a mayar da wannan mata gidansu ta koyo tarbiyya. Makokha kuwa, namijin duniya, ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Shirun nan nasa ya fi ƙona wa Nelima rai a kan duk haushin wan nasa.

Kaka, mahaifiyar mazan biyu, ta sa aka tattaro yaran, ta tambayi wanda ya taɓa tukunya. Nelima ta riga ta sadaƙar. Sai ga Naliaka ta ɗaga hannu sama kamar a aji, tana murna ta san amsa.

"Ni na ciro, Kaka. A mota Baba ya ce idan ya ci wannan abin gonar ta zama tasa, zai sayar da ita har da awakin. Ni kuma ina son awakin. Shi ne na ba Khaemba, ya ce shi ba zai sayar ba."

Situma ya hau dariyar yaƙe yana cewa yara akwai shirme, babu wanda ya taya shi.

Kaka ta dubi Situma. Sannan ta juya ga yaron da ke lasar yatsu, wanda sunan marigayin aka sa masa.

"To, ai babu abin da ya ɓata," in ji ta. "Khaemba ne mai gidan nan, Khaemba ya ci ƙundunsa. Ashe tsohon bai sauka daga kujera ba tukuna. Nelima, 'yata, ba inda za ki. Ɗauki kwanon nan ki kai wa maigida da dattawansa, ki bar wa baƙo wuya."

Baƙo, a gidan ubansa. Nelima ta tsamo wuyan zakaran ta ajiye masa cikin ladabi, har da ɗan durƙuso, ta wuce da sauran naman wajen yaran.