Dutsen da Ya Karkace a Ganuwar Tirinis

Duk baƙon da ya zo Tirinis sai ya nuna dutsen nan na gefen ƙofa, ya ce ashe ƙattai ma suna kuskure. Nakan bar su da surutunsu. Mijina Damiyas ne a ƙarƙashinsa.

Ƙattan da sarki ya ɗauko don gina ganuwa ido ɗaya gare su, a tsakiyar goshi. Ƙarfi kam ba a magana, amma mai ido ɗaya ba ya tantance nesa da kusa. Shi ya sa kowane ƙato yake da ɗan kira: mutum ya shiga gurbin da dutse zai zauna, yana ta kira, ƙaton yana bin muryar da dutsen a hannu. In ya daidaita, ɗan kira ya fice, ya yi shiru. Shirun nan shi ne umarnin a saki.

Shekara bakwai Damiyas yana yi wa wani ƙato mai suna Turbon kira, kullum cikin tsiya.

"Hagu na ce, Ido-guda. Ko kunnen ma ɗaya aka ba ka?"

"Ci gaba, ɗan tsako," in ji Turbon. "Wata rana da kai zan cike rami."

Ranar ɗora dutsen ƙofa na kawo wa Damiyas gurasar sha'ir da zaitun da hantsi. Na tarar firist Nikandaros ya jawo farar karsana zai yanka wa allahiya Hera. A wurinmu, in an ɗaga wuƙar hadaya, wanda ya yi magana ya ɓata ta, ya jawo wa gari fushin allahiya. Da wannan tsoron aka yaye mu. Ƙattai kuwa ba sa yi wa kowa yanka, kuma ba wanda ya tuna ya gaya musu.

Damiyas yana cikin gurbi har ƙirji, dutsen na lilo a kansa, yana cewa, "Dama kaɗan, dama..." sai firist ya ɗaga wuƙa, mai shela ya ce, "Kowa ya kame bakinsa."

Damiyas ya kame. Ya ɗago ya dube ni. Na ga yatsun Turbon suna buɗewa, ni ma da bakina lafiya lau, ban ce uffan ba.

Ƙasa ta girgiza. Turbon ya sunkuyo yana dariya.

"Ya zauna, ɗan tsako? Ɗan tsako?"

Da ya gane, ya sa hannu zai ɗaga dutsen. Firist ya hana, wai jinin karsana ya taɓa shi, ya zama na Hera. Ko gawa ban samu na wanke ba.

Na tsani firist, na tsani sarki, amma ba kamar yadda na tsani kaina ba. Yanzu an hana ni zuwa wurin hadaya, domin da an ɗaga wuƙa sai in kama kiran sunan Damiyas da iyakar muryata.