Amsar Limamin Jirgi

Malam Ƙasimu yana ɗaure bakin ledar kayan Khuzaima sai nas Lailatu ta miƙo masa wani littafin rubutu. Ta ce a ƙarƙashin katifa aka tsince shi. Kwana huɗu ke nan da binne yarinyar, 'yarsa ta fari, mai shekara goma sha bakwai. Sikila ce ajalinta. Tun safe ya taso daga Gwaram zuwa asibitin nan na Birnin Kudu don ya kwashi bargo da flas. Bai ji komai a ransa ba a mota, bai kuma ji komai ba da ya tarar an canza zanin gadon.

Matar da ke gado na kusa ta yi masa ta'aziyya. Sunanta Zahara'u, daga Kiyako, ciwon ƙoda ya kumbura mata ƙafafu har fatar tana sheƙi. Ta ce duk ranar da ciwon Khuzaima ya lafa, takan karanta musu labarin da take rubutawa. Shafi biyu ne kawai ba su ji ba.

"Malam, ni ban yi boko ba. Ko za ka ƙarasa mana?"

Bai taɓa sanin tana rubutu ba. Ya zauna a kujerar roba, ya soma tun daga farko.

A labarin, duniya ta ƙone. Mutum dubu uku sun shiga wani ƙaton jirgi za su wata duniyar, tafiyar shekara ɗari biyu, wadda ko jikokinsu ba lallai su ga ƙarshenta ba. Can aka fara haifar yara da ciwo a cikin ƙashi. Na'urar da ke haɗa musu magani ta lalace, wanda ya iya gyaranta kuwa ya riga ya mutu. Akwai limami a jirgin. Duk yaron da ya kwanta sai a kira shi, ya ce jarrabawa ce, Allah yana jarraba bawan da yake so, lada yana gaba.

Malam Ƙasimu ya gane kalmomin. Nasa ne, a jere kamar yadda yake faɗarsu a ajin tauhidi na Islamiyyarsa, kamar yadda ya sha faɗa a bakin wannan gadon. Ya ci gaba da karatu da murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa.

A shafin ƙarshe, wata yarinya mai suna Nasiha ta rasa ƙanenta ɗan wata takwas, bayan ya yi kwana uku yana kuka. Ta je ta sami liman. Malam Ƙasimu ya karanta maganarta a hankali: "Liman, na yarda Allah ba ya zalunci. Ni na san ana jarraba ni, ina kuma haƙuri. Amma jaririn da bai san ana tambayarsa ba, me aka jarraba a jikinsa?"

A ƙasa an rubuta: "Sai liman ya ce". Daga nan babu komai, sai layuka.

"To, me ya ce?" in ji Zahara'u. Wasu mata biyu ma sun juyo suna jira.

Malam Ƙasimu yana da amsa har uku, da ayoyinsu da sunayen littattafan da ya ciro su. Jaririn ɗan Aljanna ne, jarrabawar ta iyaye ce, hikimar kuma a ɓoye take. Har yanzu ya yi imani da su duka. Ya dubi shafin, ya dubi ƙafafun matar.

"Bai ce komai ba," in ji shi. "Zama ya yi kusa da ita."

Zahara'u ta tambaye shi ko jirgin ya isa. Ya ce Khuzaima ba ta rubuta ba. Ta gyaɗa kai, ta lumshe ido.

Lailatu ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Ya ce to. Ta je ta raba magani a ɗakin gaba, ta dawo, ta same shi a kujerar.